Shekara 11 babu gem sai da aka biya yaran: rigimar kuɗi a ƙwallon jami'o'in Amurka

Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin EA Sports ya saki gem ɗin College Football 25, kuma idan ba ka bin harkar ƙwallon Amurka za ka ɗauka wani gem ne kawai cikin ɗaruruwan da ake fitarwa duk shekara. To ba haka bane. Shekara 11 mutane suka yi suna jiransa. Na ƙarshe da ya fito kafin shi, NCAA Football 14, tun Yulin 2013 ne, har ta kai tsohon faifansa na hannu ana sayar da shi sama da dala 100, wasu kuma suka zauna suna gyara shi da kansu a kwamfuta, suna canja riguna suna saka sababbin 'yan wasa duk kaka don kar ya mutu. Da sabon ya fito kuwa kafin shekarar ta ƙare ya zama gem ɗin wasanni da ya fi kowanne kawo kuɗi a tarihin kasuwar Amurka.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shine wata magana da magoya bayan ƙwallon nan suke yawan yi yanzu, cewa kuɗi ya ɓata wasan, yaran sun zama 'yan kasuwa, babu sauran kishin makaranta. Kuma mutumin da yake faɗan haka da rana shine da daddare zai ɗauki pad ya buga gem ɗin da ba don an fara biyan yaran ba da har yau babu shi. Ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki, kuma tarihin gem ɗin nan kaɗai ya isa ya nuna haka.

Bari in fara da girman abin, saboda in aka ce ƙwallon jami'a mu hankalinmu yana tafiya ne kan wasan 'yan makaranta a filin da babu ko kujera. Wannan ƙwallon ta hannu ce, mai siffar ƙwai, da hular kwano da karo kamar na raguna, kuma jami'o'i sun fara buga ta tun 1869 lokacin da Rutgers ta kara da Princeton, wato sun riga gasar ƙwararru ta NFL da wajen shekara 50. Filin jami'ar Michigan yana cin mutum 107,601, ya fi Wembley, ya fi duk wani filin NFL. Jihar Alabama ba ta da tim a NFL, Nebraska ma haka, don haka tim ɗin jami'a shine komai nasu, kaka ya goyi baya uba ya goyi baya jika ya taso ya tarar. A Nebraska tun 1962 ba a taɓa buga wasan gida tikiti ya yi kwantai ba. A jihohi da yawa ma'aikacin gwamnati da ya fi kowa albashi ba gwamna bane, ba shugaban jami'a bane, kocin ƙwallo ne. Kirby Smart na Georgia dala miliyan 13 yake ɗauka a shekara. Texas A&M da ta kori Jimbo Fisher a Nuwamban 2023 sai da ta ɗau nauyin biyansa sama da dala miliyan 75 na sallama, don kawai ya tafi gida.

Su kuma yaran da ake taruwa don a kalle su, har zuwa 2021 dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in ƙasar, ta ce kada su karɓi ko sisi bayan tallafin karatu, wato kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai da ɗan abin kashewa. Ba albashi kaɗai aka hana ba, ko talla ba za ka yi ba, ko sa hannu a riga ka karɓi kuɗi, ko wani mai gidan abinci ya ce ci kyauta saboda kai ne tauraron garin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, babu karin maganar da ta fi wannan dacewa da tsarin.

Kuma sunan da suke fakewa da shi, wai ɗalibi-ɗan-wasa, yana da asali mara daɗin ji. A 1955 wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison na kwalejin Fort Lewis a Colorado ya mutu sakamakon buguwa a kai a cikin wasa, matarsa ta nemi diyyar da ake ba iyalan ma'aikaci, kotu ta ce ai ba ma'aikaci bane. Walter Byers da ya shugabanci NCAA a zamanin, shi da kansa daga baya ya amsa cewa sun yaɗa wannan suna ne don kar a riƙa ɗaukar yaran a matsayin ma'aikata. Kenan tun farko maganar ba ta tarbiyya bace, ta gudun biyan diyya ce.

Yanzu ga inda gem ya shigo. Duk wanda ya buga tsohon PES a shagon gem ya san yadda ake yi idan babu lasisi, za ka ga Man Red kowa ya san Manchester United ce. To haka EA take yi da 'yan wasan jami'a, sai dai ita tana da lasisin makarantun, rigar gaske, filin gaske, waƙar makaranta ta gaske, duk an biya, sunan yaro ne kawai babu. Sai ka ga QB #15, wato mai jefa ƙwallo mai lamba 15, a Florida, bahago, ƙaƙƙarfa, tsawo da nauyi da launin fata da jihar da ya fito duk sun yi daidai da Tim Tebow. Babu wanda bai san shi bane. Mutane ma suna saukar da jerin sunayen daga intanet su ɗora, cikin minti kaɗan kowa ya koma da sunansa. Makaranta ta samu, NCAA ta samu, kamfani ya samu, mai fuskar bai samu ba.

Wanda ya tada ƙurar ma ba ɗan wannan ƙwallon bane, ɗan kwando ne. Ed O'Bannon, wanda ya ci wa UCLA kofin ƙasa a 1995, ya gama wasa yana sayar da motoci a yankin Las Vegas, sai ya je gidan abokinsa ya tarar ɗan abokin yana buga gem ɗin kwandon jami'a na EA, ga tim ɗin UCLA ta 1995, ga wani mai lamba 31, bahago, kai a aske, shi sak. Ba wanda ya tambaye shi, ba wanda ya ba shi komai, shekara goma sha bayan ya bar makaranta. A 2009 ya shigar da ƙara, a shekarar kuma Sam Keller da ya buga wa Arizona State da Nebraska shi ma ya shigar da tasa. A Satumban 2013 EA ta ce ta dakatar da gem ɗin, aka yi sulhu, EA da kamfanin da ke kula da lasisin makarantu suka biya dala miliyan 40, NCAA ta ƙara miliyan 20, aka raba wa dubban tsofaffin 'yan wasa. A Agustan 2014 alƙaliya Claudia Wilken ta yanke cewa dokar NCAA ta saɓa wa dokar hana haɗa baki a kasuwanci. Ku riƙe sunan matar nan, za ta dawo.

Abin da ya fi ci min rai a wannan zangon shine yadda magoya baya da yawa suka ɗora wa O'Bannon laifi, shine ya kashe mana gem. Alhali a cikin shari'ar ya fito fili cewa EA tana son saka sunayen gaske kuma a shirye take ta biya in an bar ta, don gem mai sunaye ya fi sayuwa, NCAA ce ta toshe hanya, ta gwammace a rasa gem ɗin gaba ɗaya da a ce yaro ya karɓi dala ɗaya. Mutumin da aka yi amfani da kamanninsa ba izini ya ce a biya shi, sai shi ya zama mugu.

A tsakanin nan an hukunta mutane kan abubuwan da yau ko magana ba za a yi a kansu ba. Reggie Bush na jami'ar USC ya mayar da kyautar Heisman ta 2005, wacce ita ce kyautar gwarzon shekara, a 2010 saboda alherin da wasu dillalai suka yi wa shi da iyayensa. A ƙarshen 2010 aka dakatar da 'yan Ohio State biyar, har da Terrelle Pryor, wasa biyar-biyar, laifinsu sun sayar da zobuna da riguna da kyaututtukan da su aka bai wa, kayansu ne fa, wasu kuma an musu ragin kuɗin zanen jiki. Johnny Manziel a 2013 ya zauna rabin wasa kan batun sa hannu a kaya. A daidai lokacin makarantun suna sayar da riga mai lambar yaron a shagonsu. Bush sai a Afrilun 2024 aka mayar masa da kyautarsa, bayan shekara 14.

Kuma kar wani ya ce da can babu kuɗi. Akwai, a ƙarƙashin tebur yake. A 1987 an rufe tim ɗin jami'ar SMU kaka guda cur saboda attajiran magoya baya suna biyan 'yan wasa a ɓoye, kuma duk wanda ya san harkar ya san ba su kaɗai ke yi ba, su ne dai aka kama sau da yawa.

Katangar ta fara tsagewa sosai a 2019 da Kalifoniya ta yi dokar da ta ba yaran damar cin moriyar sunansu, wasu jihohi suka bi saboda tsoron kar taurari su gudu can. A Yunin 2021 kotun ƙolin Amurka a shari'ar Alston ta kayar da NCAA, alƙalai 9 babu ko ɗaya da ya goyi bayanta, har mai shari'a Kavanaugh ya rubuta cewa irin wannan tsarin kasuwanci haramtacce ne ƙarara a kusan kowace sana'a a ƙasar. Kwana goma bayan haka, ranar 1 ga Yuli, NCAA ta saki. Daga nan aka shiga zamanin da suke kira NIL, wato suna da hoto da kama, yaro zai iya talla, zai iya sayar da sa hannunsa, zai iya shiga gem da sunansa. EA dama tun Fabrairun shekarar ta sanar za ta dawo, ta hango inda iska ta kaɗa.

To nawa aka ba su? Dala 600 kowa da kwafin gem ɗaya. Sama da yara 11,000 a makarantu 134 suka amince. Yi lissafin da kanka, wajen dala miliyan 6 da rabi kenan, gem ɗin kuma dala 70 ne, wato cinikin kwafi dubu 100 kacal ya kai kuɗin da aka raba wa dukkansu, a gem ɗin da mutane miliyoyi suka buga a makon farko. Gaskiya kuɗin ya yi kaɗan kuma dalilin ba ɓoyayye bane, 'yan NFL suna da ƙungiyar ƙwadago da take zama ta yi ciniki da EA kan gem ɗin Madden a madadinsu, su kuwa waɗannan kowa shi kaɗai ne da wayarsa, ka danna ka amince ko a saka wani ƙirƙirarre a gurbinka, kuma wane yaro ɗan shekara 19 da ya taso yana mafarkin ganin kansa a gem zai ƙi? Arch Manning na Texas ya ƙi da farko, sai dab da fitowa ya shiga, amma shi gidansu gidan ƙwallo ne, bai rasa komai ba. A College Football 26 an ɗaga zuwa dala 1,500, wanda shi kansa ya nuna maka na farkon an taya musu arha. Duk da haka daga sifili zuwa 600 ba ƙaramin abu bane, don abin da aka karya ƙa'ida ce, ba adadi ba.

Ban ce komai ya gyaru ba, kuma masu ƙorafi ba duka maganarsu ce banza ba. NIL an ce talla ce, amma cikin shekara ɗaya ta rikiɗe ta zama albashi da wani suna, attajiran kowace makaranta suka kafa asusun karo-karo suna sayen 'yan wasa, babu kwantiragi tsayayye, babu ƙa'idar dillalai, babu inda za ka kai kuka. Ga kuma ƙofar sauya sheƙa da aka buɗe, da can in ka canja makaranta sai ka zauna shekara guda ba ka buga ba, a 2021 aka yafe sau ɗaya, zuwa 2024 aka saki gaba ɗaya. Sai ya zama ƙarshen kowace kaka kamar kasuwar 'yan wasa ce babu mai tsaron ƙofa. Matthew Sluka ya bar jami'ar UNLV a Satumban 2024 bayan sun ci wasa uku a jere, ɓangarensa suka ce an masa alƙawarin dala 100,000 da baki ba a cika ba. Nico Iamaleava ya kai Tennessee gasar ƙarshe ta ƙasa, a Afrilun 2025 suka rabu baram-baram ana maganar ƙarin kuɗi, ya koma UCLA. In kai ɗan Tennessee ne dole abin ya maka ciwo, ka sayi rigar yaro bana baɗi yana wani gari. Nick Saban ma, kocin Alabama mai kofi 7, da ya yi ritaya a Janairun 2024 ya nuna cewa yadda yara suka koma tambayar nawa za a ba su yana cikin abin da ya sare masa gwiwa.

Amma fa a duba wa ya koya musu. A ƙarshen 2021 koci Brian Kelly ya bar Notre Dame ya tafi LSU tun ana jiran a ga ko tim ɗinsa za ta shiga gasar ƙarshe, koci Lincoln Riley ya bar Oklahoma zuwa USC washegarin wasansu da Oklahoma State, kowa ya ce ai harka ce, mutum yana neman ci gabansa. Yaro ya yi irin haka sai a ce ba shi da amana. Kuma koci yana da shekara 30 na cin albashi, shi yaron shekara 4 ko 5 gare shi, ƙasa da 2 cikin 100 ne ke samun shiga NFL, NFL ɗin ma ba ta ɗaukarka sai ka yi shekara 3 da gama sakandare, wato dole ka bi ta jami'a ko kana so ko ba ka so, kuma karo ɗaya a gwiwa ko a kai zai iya rufe littafin. Ga da yawansu waɗannan shekarun su ne kaɗai lokacin da sunansu yake da farashi a duniya. Akwai ma waɗanda har yanzu ba su ci moriyar sosai ba, ɗaliban ƙasashen waje, ciki har da 'yan Najeriya da ke buga wa jami'o'in, saboda bizar karatu ta taƙaita musu aikin samun kuɗi a cikin Amurka.

Abin da ya yi wa wasan nan illar gaske a wajena ba yaran suka yi shi ba, shugabannin makarantu ne da gidajen talabijin. Big Ten, ɗaya daga cikin rukunonin jami'o'in da ke karawa a tsakaninsu, ya sa hannu da Fox da CBS da NBC kan sama da dala biliyan 7 na shekara 7, kuma don a kai wannan farashi aka janyo USC da UCLA, daga baya Oregon da Washington, daga can gaɓar yamma. Rukunin da sunansa goma yanzu tim 18 ne. Texas da Oklahoma suka koma rukunin SEC. Rukunin Pac-12 da ya haura shekara 100 ya watse a lokaci ɗaya a 2024 ya rage Oregon State da Washington State su biyu kamar marayu. Stanford da Cal da suke bakin tekun Fasifik suka shiga rukunin da sunansa ma na gaɓar Atlantika ne. 'Yan ƙwallon hannu sau ɗaya suke wasa a mako, da sauƙi, amma ka tuna 'yan matan ƙwallon raga da sauran ƙananan wasanni da za su keta ƙasar a tsakiyar mako su dawo su shiga aji da safe. Mutanen da suka yi wannan su ne shekara da shekaru suke cewa karatu ne gaba, kuɗi zai lalata yara.

Sai Claudia Wilken ta dawo. Ranar 6 ga Yunin 2025 ta amince da sulhun shari'ar House da 'yan wasa suka shigar kan NCAA, za a biya tsofaffin 'yan wasa wajen dala biliyan 2.8 cikin shekara 10, kuma a karon farko makaranta da kanta za ta iya biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. An kafa wata hukuma da za ta riƙa duba duk cinikin talla da ya kai dala 600 ko ya wuce, a ga ko talla ce ta gaske ko albashi ne ta bayan gida. An kuma ƙayyade tim kar ta wuce mutum 105, abin da yake barazana ga yaran da ke shigowa da kansu ba tallafi, waɗanda su ne ma suke buga wasan don so zalla. Nauyin kuma ya fara sauka kan 'yan kallo, Tennessee ta ɗora kashi 10 cikin 100 a kan tikiti ta ce na biyan 'yan wasa ne, bata ce za ta rage albashin koci ba. Kuma har yanzu an ƙi kiransu ma'aikata. Ana biyanka, an saka wa abin da za a biya ka rufi, amma ba ka zauna a teburin da aka yanke rufin ba. NFL ma tana da rufin albashi amma da yardar ƙungiyar 'yan wasa aka yi shi, shi ya sa kotu ba ta taɓa shi. Wannan na jami'a in dai ba a ba yaran wakilci sun sa hannu ba, ina ganin wata ƙarar na nan tafe, kuma maganin yawon sauya sheƙar da ke damun kowa ma yana nan, kwantiragin shekara 2 ko 3 da ɓangare biyu suka amince da shi.

Wani abin da nake so a gem ɗin shine bai ɓoye duk wannan ba. In ka ɗauki aikin koci ka hana yaro buga wasa, ƙarshen kaka za ka gan shi a layin masu tafiya, sai ka lallashe shi ko ka nemo wani. In ka zaɓi zama ɗan wasa za ka raba lokacinka tsakanin karatu da atisaye da hutu da tallace-tallace, ka sake da karatu a ajiye ka a benci. Yaran da ke tasowa da wannan gem ba za su ma fahimci me ya sa aka taɓa karɓe kyautar Reggie Bush ba.

Gem ɗin ya kuma ba ka damar ka tsara rukunoni yadda kake so, kuma abin da tsofaffin magoya baya da yawa suka fara yi kenan kafin su buga ko wasa ɗaya, su kwaso USC da UCLA da Oregon da Washington su mayar da su Pac-12, su mayar da Oklahoma kusa da maƙwabciyarta Oklahoma State. Waɗannan biyun tun 1904 suke karawa, gari da gari bai kai tafiyar awa 2 ba, wasansu na ƙarshe a jere an buga shi a Nuwamban 2023 Oklahoma State ta ci 27 da 24, daga nan aka daina saboda ɗaya ta bi kuɗin talabijin. Babu ɗan wasa ko ɗaya da aka tambaya kafin a kashe wannan karawar, kuma yau wanda yake son ganinta duk shekara sai dai ya kunna PlayStation ya haɗa ta da hannunsa.